Takaba da Hawainiya

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, ni a cikin gida na yi ta, ina takaba. Duk abin da na sani game da taron da aka yi a Dutse, daga rediyon Gwaggo na ji shi, sai kuma kabbarar da iska ta riƙa kawowa ta kan katanga. An ce garin ya cika, babu masaka tsinke. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma a bayan kicin, ina kallon wata hawainiya tana kallon fara.

Mun zo Dutse ne tun farkon ba mu jiha, lokacin da aka kwaso ma'aikata daga Kano aka zube su a garin da bai shirya karɓar baƙi ba. Maigidana ma'aikacin gandun daji ne, ni kuma ina koyarwa a firamare. Sai da muka daɗe a ɗakin haya kafin muka samu gida a kwatas, ɗaki biyu da falo, da ɗan fili a baya. Ƙasar filin ja ce mai tsakuwa, in ka sara da fartanya sai ta yi tsalle ta dawo maka. Shi dai bai haƙura ba. Ya dasa lalle da gwaiba, kowace damina kuma sai ya shuka rama a jikin katanga.

A farkon daminar shekarar ya hau babur ya tafi Jahun duba wurin da suke rainon itatuwa. A hanyar dawowa mota ta buge shi. Ina tsince shinkafa aka zo aka gaya min. Na tuna sai da na ƙarasa tsince ta, na rufe faranti don kada kaji su zuba baki, sannan na tashi na ɗauko mayafi. Mata suka cika gidan suna kuka, suna riƙe ni, ina cewa na gode. Na yi ta jiran abin ya zo min, kamar yadda ake jiran ruwan famfo, bai zo ba. Da aka share makoki mahaifiyata ta tafi da 'yarmu Ringim, ita kaɗai Allah ya ba mu, a lokacin tana aji biyu. Na tsaya a bakin ƙofa tana ɗaga min hannu. Na ɗaga mata, na dawo na share falo.

Gwaggo aka bar min, yayar mahaifina, daga wani ƙauye kusa da Jahun. Sau biyu tana takaba a rayuwarta, saboda haka tana ganin babu wanda ya kai ta sanin yadda ake yi. Kada in ɗaga murya, kada in yi sauri in ina tafiya, kada in kalli madubi, wanka sai ranar Juma'a. Malaman rediyo a shekarar sun sako al'adun takaba a gaba, kullum suna cewa yawancinsu ba su da asali, abin da aka hana mace kwalliya ce da fita ba dalili. Gwaggo takan saurara har ƙarshe, sannan ta murɗe rediyon ta ce, "Su faɗi nasu. Mu haka muka taras." Ni duk wanda aka ce in yi sai in yi. Ba ni da ra'ayi a kan komai.

Hawainiyar ta maigidana ce. Shekara guda kafin rasuwarsa ya zo da ita a cikin hularsa, 'yar mitsitsiya, ba ta fi ɗan yatsa ba. Ya ce a kan titi ya tsince ta tana ƙoƙarin tsallakawa, da irin tafiyarta kuwa mota za ta riga ta. Ya sa kafinta ya haɗa masa keji mai tsayi, ya kai min ƙirji, jikinsa ragar waya, ƙasansa katako, ya jera mata rassa a ciki. Kullum da safe kafin ya tafi aiki sai ya miƙa mata hannu ta hau, ya kai ta kan lalle ko rama ta sha hantsi, shi kuma ya tsaya da kofin shayinsa yana gadinta. Yakan yayyafa ruwa a ganye, don ya ce ba ta shan ruwa a kwano, sai dai ta lashi ɗigo. Ni ban taɓa taɓa ta ba. Wata rana na ce masa mutane suna cewa hawainiyarka ta kiyayi ramata, shi ga shi da hannunsa yake ɗora ta a kai. Ya yi dariya ya ce, "To ai ramar tawa ce, hawainiyar ma tawa ce. Wa zai kai ƙarar wa?" Maƙwabta ba su so abin ba. Akwai wadda ta daina aiko ɗanta gidanmu, akwai kuma wadda ta tambaye ni a ɓoye ko wani malami ne ya ce ya ajiye.

A kwanakin makoki wani ya ja kejin daga baranda ya kai shi lungun bayan kicin, ƙarƙashin rumfar kwano inda muke ajiye itace, don a samu wurin shimfiɗa tabarmi. Ni na manta da ita ƙaf. Gwaggo ce ta je ɗibar itace ta dawo tana salati.

"'Yar nan, mene ne wancan a cikin akurki?"

"Hawainiyar marigayi ce, Gwaggo."

"Hawainiya! A gida? Mu a garinmu ko a gona ka gan ta sai ka sake hanya. In ta cije ki ba ta saki sai an yi tsawa. Ki sa a fitar da ita."

Na ce to. Na je na tsaya a gaban kejin. Ta rame, ta yi launin busasshen ganye, ta manne a reshen sama, ta naɗe wutsiya kamar gammo. Ido ɗaya yana kallona, ɗaya yana kallon bango. Ban ji tausayinta ba, ban kuma ji tsoro ba. Na dai ga akwai buta a kusa, sai na yayyafa ruwa a ganyen da suka rage, ta matso a hankali ta fara lasa. Na shiga cikin rama na kamo fara na saka mata. Ta daɗe tana auna ta, sannan harshe ya fita ya dawo, farar ta ɓace. Ban sa an fitar da ita ba. Ba wai na yanke shawarar riƙe ta ba ne, fitarwar ce take buƙatar in yanke shawara, ni kuwa ba na iyawa.

Haka ya zama aikina. In na idar da sallar asuba na yi lazimi, sai in jira raɓa ta ɗaga, in shiga cikin rama da tsohon gwangwanin madara. Daminar ta yi kyau, fara ta yi yawa, har babe ina samu. Nakan ba ta har sai ta kau da kai. Da rana in sake, da la'asar in sake. Marigayi ba ya ba ta da yawa haka, amma shi yana da wurin zuwa. Abin da ban yi ba shi ne fitar da ita hantsi, tunda sai an ɗauke ta a hannu. Kejin ya zauna inda aka ajiye shi, a inuwa.

Gwaggo ta yi mita har ta gaji. Wata rana ina zazzaɓi ban fito ba, ta taga na hango ta a cikin rama, ta ɗaure zani a ƙugu tana dafe ganye da tafin hannu. Da ta kamo sai ta je ta buɗe ƙofar kejin kaɗan, ta wurga farar daga nesa ta rufe da sauri. Da ta shigo ta ce, "Ba don ita na yi ba. Abin da aka tsare, haƙƙinsa yana wuyan wanda ya tsare shi." Daga ranar ba ta sake cewa a fitar da ita ba. Sai ma ta koma kawo kujerarta ta tsuguno nan bayan kicin, tana tsinkar zogale tana yi mata faɗa. "Dube ta, kamar wadda aka aika ta ƙi zuwa."

Hawainiyar ta murmure, ta yi kore shar, ta yi ƙiba. Mutane suna zuwa gaisuwa jefi-jefi, su ba ni labarin gari: an rufe wuraren shan giya, mata sun koma manyan hijabai, ana maganar raba maza da mata a motocin haya. Ina cewa Allah ya sa haka ne mafi alheri. Suna tafiya sai in manta wanda ya zo.

Wajen ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya fara ja baya gero ya nuna, sai hawainiyar ta daina cin abinci. Fara ta hau kan hancinta ma ba ta kula ba. Ta sauko daga rassan da ba ta taɓa barinsu ba, ta koma ƙasan keji tana kewaye. Ta je wannan kusurwa ta kama kartar katako da ƙafafun gaba, ta bari ta je waccan. In gidan ya yi shiru har ƙarar kartar muke ji daga baranda, ƙyas, ƙyas. Cikinta ya faɗaɗa ya sauko, in ta juya sai ka ga ƙulli-ƙulli a ƙarƙashin fata, kamar an cusa gyaɗa a safa.

Gwaggo ta sunkuya ta daɗe tana dubawa. "Ƙwai ne," in ji ta.

"Ƙwai kuma, Gwaggo? Ai tun tana ƙarama take nan ita kaɗai. Ba ta taɓa ganin namiji ba."

"Ke kaza ba ta yin ƙwai sai da zakara? Tana yi mana, sai dai ba ya ƙyanƙyashewa. Wannan wurin zubawa take nema. Ki sake ta ta tafi, ta san inda za ta."

Na karkata kejin a tsakiyar fili na buɗe ƙofa. Ta fito a hankali, tana jan cikin. Ta je gindin gwaiba ta gwada tono, tsakuwa ta hana ta. Ta je jikin katanga, nan ma ƙasar ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Na lura ƙafafunta na baya ba sa ɗaukarta sosai, da ta kama reshen lalle za ta hau sai ta sulluɓo. Kafin mu ankara kajin maƙwabta sun shigo ta magudanar ruwa, wata uwar 'ya'ya ta yi kanta. Hawainiyar ta buɗe baki tana huci, ta yi baƙi ƙirin. Gwaggo ta kori kajin da muciya, ta sa faifai ta kwashe ta ta mayar keji.

"Wannan ko ƙofar gida ba za ta kai ba," ta ce.

Washegari abokin marigayi ya zo. Malamin dabbobi ne, tare suka taso daga Kano, yakan leƙo lokaci-lokaci ya ji ko muna buƙatar wani abu. A baranda yake tsayawa, ni ina daga cikin falo bayan labule, Gwaggo a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa Gwaggo ta ce, "Likita, tunda Allah ya kawo ka, zo ka duba mana wata mara lafiya." Ya zaci akuya ce. Na ji shi daga bayan kicin ya ce, "Ashe tana nan." Ya daɗe kafin ya dawo baranda.

"Malama," ya ce, "gaskiya ni shanu na sani da tumaki da kaji. Wannan ba a koya mana ita ba. Amma abin da Gwaggo ta faɗa haka ne, ƙwai ne, kuma ya isa fita. Irin su rami suke tonawa mai zurfi a ƙasa mai danshi, su shiga su zuba, su binne. In ba su samu wurin ba sai su riƙe, in suka riƙe ya daɗe kuma sai ya ƙi fita ko sun samu. Ta jima tana wannan kartar?"

Na ce ta kwana biyu.

"Tana samun rana?"

Na ce a'a, tun rasuwar.

Ya ce akwai allurar da suke yi wa tunkiya in haihuwa ta tsaya, amma bai san abin da zai auna wa halitta mai nauyin ƙwan agwagwa ba, yana tsoron ya kashe ta da hannunsa. Abin da zai iya shi ne ya kawo yashi. "A zuba a wani abu mai zurfi, a jiƙa shi, ba sharkaf ba, yadda in an dunƙula zai tsaya. A sa ta a ciki, a rufe. Kada a riƙa leƙawa. In ta ga ido a kanta za ta bar ramin."

Da la'asar ya dawo da buhun yashin rafi a bayan babur. Gwaggo ta ɗauko babban bahon da muke wanki, muka juye rabin buhun, muka gauraya da ɗan baƙar ƙasar da marigayi ya tara don dashe. Muka ajiye shi a inda hantsi yake sauka, muka kafa reshe ɗaya a tsakiya, Gwaggo ta kwaso hawainiyar da faifai ta saka a ciki, muka kife ragar kejin a kai. Gwaggo ta yafa tsohon zaninta, ta bar gefe ɗaya don iska.

Ranar farko ba ta yi komai ba. Rana ta biyu da hantsi muka ji motsin yashi. Na zauna a baranda da carbi, ina ja ba tare da na san inda na kai ba. Gwaggo ta kasa zama. Ta je kicin ta dawo, ta share inda ta riga ta share, can dai ta lallaɓa ta ɗaga bakin zanin. Ta saki da sauri.

"Ta gan ni," ta ce. "Wallahi da idon baya ta gan ni."

Motsin ya tsaya. Da muka duba da yamma ta fito ta bar ramin, ya kai zurfin tafin hannu, tana kwance a gefensa. Gwaggo ba ta ci tuwon kirki ba ranar. Ta yi ta cewa ita da ta haifi tara ta san ba a tsaya wa mai naƙuda a ka, me ya kai ta. Na ce mata ba komai. Haka nake ce wa kowa a lokacin.

Washegari hawainiyar ta sake sabon rami a ɗaya gefen. Wannan karon babu wanda ya je kusa. Gwaggo ta ɗaure kanta da aiki a ƙofar gida, har ta toshe magudanar da bulo don kaji. Wuni guda cur muna jin yashi yana zuba, ya tsaya, ya ci gaba. Kashegari da safe shiru ya yi yawa, na je na ɗaga zanin. Ta shige ramin da baya, kanta kawai ake gani a bakinsa, idanunta a rufe. Na mayar da zanin. Da azahar na tarar ta fito. Ba ta binne ramin ba. A can ƙasansa ga ƙwai 'yan kaɗan, farare, dogaye kamar wake, ba su cika tafin hannu ba. Cikinta kuwa yana nan yadda yake, ƙulli-ƙulli har zuwa haƙarƙari.

Daga nan ta fara lalacewa a gaban idonmu. Idanun nan da suke tsaye kamar tulu suka faɗa ciki. Ta daina rikiɗa, ta tsaya a wani launi guda, toka-toka da baƙaƙen tabo. Takan buɗe baki ta daɗe ba ta rufe ba, jikinta ya ɗaure tana yunƙuri, sannan ya saki, babu abin da ya fito. Na ɗiga mata ruwa a baki da tsinke, wani ya shiga, wani ya gangare.

Gwaggo ta ce, "In ƙwai ya tokare wa kaza, ruwan ɗumi muke sa ta a ciki, a shafa mata man gyaɗa da gashin kaza. Ban sani ba ko zai yi wa wannan. Amma zama haka ba magani ba ne." Ta dafa ruwa ta surka, ta gwada da gwiwar hannu. Sai ta tsaya tana kallona. Ita ba za ta iya riƙe ta ba, duk sabon da suka yi.

Na sa hannu na ɗauke ta. Ranar na fara taɓa ta. Na zaci za ta yi santsi ko sanyi, sai na ji ta a bushe, da ɗan kaushi, kamar bayan ganyen kabewa. Ba ta da nauyi ko kaɗan in ban da cikin. Ta kama ɗan yatsana da ƙafarta ta gaba, yatsunta a haɗe biyu da uku kamar awartaki, riƙon babu ƙarfi. Na tsoma rabin jikinta a ruwan, Gwaggo tana shafa man a ƙarƙashin wutsiya tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Can ta yi wani yunƙuri mai tsawo, ƙwai biyu suka fito manne da juna, da ɗan jini. Gwaggo ta ce, "Alhamdu lillahi, hanya ta buɗe." Muka jira. Ruwan ya huce, muka sake wani. Babu abin da ya ƙara fitowa.

Na mayar da ita kan yashi, a inda rana take. Da safe muka tarar ta mutu, a kwance a gefenta, wutsiyar a miƙe.

Gwaggo ta zauna a kan buhun yashi ta fashe da kuka. Kuka sosai, irin wanda ban ga ta yi ba ko a makoki. Tana yi tana ambaton marigayi, yadda yake tsayawa a ƙauyensu ya sauke mata itacen dashe duk da ta ce ba ta da wurin sa su, daga nan ta wuce kan 'yarta ta fari da ta rasu wurin haihuwa tun kafin a haife ni. Ni ina tsaye ina kallon ƙudaje sun fara sauka. Na je na ɗauko faifai na rufe gawar. Gwaggo ta ɗago ta dube ni da jajayen idanu.

"Ke 'yar nan, ba za ki yi kuka ba?"

"Ina so, Gwaggo."

Ta fyace hanci da bakin zani.

Malamin dabbobin ya zo da hantsi, dama ya ce zai leƙo. Ya nemi izini ya buɗe cikinta ya gani, ko don gaba. Na ce ya yi. Ya yi aikinsa a bayan kicin, ya haƙa rami da diga a gindin gwaiba ya binne ta, ya wanke hannu, ya zo ya tsaya a inda ya saba tsayawa. Ya ce ƙwan da ya rage a ciki ya ninka wanda ya fito sau da yawa, har ya danne mata komai. Ɓawonsu bai yi ƙwari ba, wasu sun manne da juna, ɗaya kuma ya gitta a hanya. Ya ce yana jin ƙiba ce ta sa ta yi su da yawa haka, rashin rana kuma ya raunana mata ƙashi da ƙarfin yunƙuri, amma ba zai rantse ba. Ko da an kawo yashin da wuri, in ji shi, Allah kaɗai ya san yadda za ta kasance.

Na ce daga bayan labule, "An sha wuya kafin rai ya fita?"

Hawainiyar nake nufi. Shi kuwa sai ya gyara murya.

"Tun ranar nake jiran ki tambaye ni, Malama. Ranar haɗarin ni aka fara kira, don an ga katin aikinsa, direban da ya ɗauke shi kuma ya san muna tare. Na same shi a asibitin Jahun da ransa. Ba ya magana sosai, amma ya gane ni. Ya nemi ruwa, suka ce kada a ba shi, na jiƙa hankici na goga masa a leɓe. Ƙafarsa ce ta karye, da nan ƙirji. Bai yi ihu ba. Ya tambaye ni babur ɗin, na ce yana nan lafiya, alhali ya ragargaje. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada, yana bi da leɓe. Kafin la'asar ya cika. Ba zan ce miki bai ji zafi ba. Amma bai daɗe ba."

Ban gyara masa ba. Na tsaya ina kallon zaren da ya zare a gefen labulen, ina jin maganar tana shiga kunnena ɗaya bayan ɗaya, kowace ta samu wuri ta zauna. Na ce, "Allah ya saka da alheri. Allah ya jiƙansa." Ya ce amin. Na ji ya tayar da babur ya tafi.

Ƙwan da ta zuba na bar su a cikin baho, na rufe su da yashi kamar yadda aka ce suna yi. Na san babu komai a ciki. Bayan 'yan kwanaki na tona na ga sun motse sun yi rawaya, wasu sun yi fumfuna. Na juye bahon a bayan katanga, na wanke shi, muka ci gaba da wanki a ciki. Kejin kuma maƙwabciyarmu ta aiko a tambaya ko za a ba ta ta sa 'yan tsaki. Na ce a ɗauka.

Saura kaɗan in fita takaba aka kawo wa Gwaggo sabuwar gyaɗa daga ƙauye. Ta ɓare, ta jiƙa da gishiri, ta shanya. Da la'asar ta ɗebo yashi daga rabin buhun da ba mu taɓa ba, ta tankaɗe, ta zuba a kasko ta ɗora a murhu. Na zauna kusa da ita ina tura itace, tana juyawa, gyaɗar tana ƙara a cikin yashin. Tana yi tana lissafa abin da za a yi ranar fita: wanda zai zo daga Ringim, wadda za ta yi min kitso, kayan da za a rabar. Ta kwashe ta zuba a faifai, ta murza kaɗan a tafin hannu ta hure, ta miƙo min.

"Ji gishirin. Ya ji?"

Na tauna. Da zafinta, har ta ƙona min harshe.

"Ban sani ba, Gwaggo."

Ta ɗanɗana da kanta, ta ce ya ji, ta zuba wani kason a kasko.